Na'urar Ɗurin Harsashi Mai Shekara 50 Da Har Yanzu Ake Rububinta A Amurka: Me Ya Hana Ta Zama Gwangwan?

A ƙauyuka da ƙananan garuruwan Amurka, idan tsohon mafarauci ya rasu iyalansa suka buɗe gareji domin rabon kaya, sau da yawa sukan tarar da wani dunƙulen ƙarfe a ɗaure da bolti a gefen teburi. Yana da dogon hannu kamar na famfon tuƙa-tuƙa, fentinsa kore ko ja ko ruwan lemo, ƙura da tsatsa sun rufe shi. Wanda bai san shi ba zai haɗa shi da tarkacen da za a kai bola. Wanda ya sani kuwa, hotonsa kawai zai ɗora a eBay, kafin mako ya zagayo an zo da kuɗi.

Wannan ƙarfe shi ne na'urar ɗurin harsashi, wato abin da maharba ke amfani da shi su sake cika kwanson harsashin da aka riga aka harba. Abin da ya sa ta cancanci shafin fasaha shi ne wannan: wayar da mai karatu ke riƙe da ita, da wuya ta shekara bakwai kamfaninta bai daina turo mata sabuntawa ba, batirinta ya kumbura, kuɗinta ya zube. Ita kuwa na'urar da aka ƙera a 1970 tana karɓar kayan haɗin da aka fitar bana, tana yin aikin da sabuwa ke yi, kuma ana iya gyara ta da kananzir da tsumma. Ba ƙarfin ƙarfe kaɗai ya jawo haka ba, domin akwai waɗanda suka fi ta nauyi da ƙwari amma yau ba mai tayawa.

Me na'urar ke yi?

Harsashin zamani abu huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, albarushin da ke cikinsa, kan da ke fita idan an harba, da wata 'yar hula a gindin kwanson wadda ke kama wuta idan aka buge ta, ana iya kiranta ƙyastu. Uku daga ciki suna tafiya da harbi ɗaya. Kwanson ne kawai ke saura, shi ne kuma yawanci ya fi tsada a cikinsu. Sai dai zafi da matsin harbin sukan sa ya ɗan buɗe, don haka kafin a sake amfani da shi dole a matse shi ya koma girmansa na asali. Matse tagulla ba aikin yatsa ba ne, shi ya sa ake buƙatar na'ura.

Fasalinta ba shi da wani sarƙaƙiya. Akwai gangar jiki ta ƙarfen zubi. Akwai wata sanda mai santsi a tsakiya da ke hawa da sauka kamar fistin. Akwai hannu da ake ja, da 'yan ƙarafan da suka haɗa hannun da sandar. A can sama akwai rami mai tiredi inda ake murɗa mazubi, wato wani bututun ƙarfe da aka fafe cikinsa daidai da siffar harsashin da ake so. Kowane irin harsashi da nasa mazubin. Babu mota, babu waya, babu manhaja.

Dalilin da sana'ar ta fi kafuwa a Amurka yana da ɗan abin dariya. A 1866 mutum biyu suka fito da ƙyastu iri biyu: Edward Boxer, hafsan sojan Ingila, da Hiram Berdan, Ba'amurke. Kwanson da ke amfani da na Boxer rami ɗaya gare shi a tsakiya, don haka cire tsohon ƙyastun abu ne mai sauƙi. Na Berdan ya fi wahalar cirewa. Sai abin ya juye: Amurka ta rungumi na Baturen Ingila, ƙasashen Turai da dama suka daɗe suna amfani da na Ba'amurke. Haka kwanson Amurka ya zama abin da ba a yarwa.

Kafin a ci gaba, akwai batun doka, kuma ba na wasa ba ne. A dokar tarayyar Amurka, mutumin da doka ta yarda ya mallaki harsashi ba ya buƙatar lasisi don ya ɗura na amfanin kansa, sai idan zai mai da abin kasuwanci. A Jamus sai an yi kwas an karɓi izini na musamman kafin a sayar wa mutum albarushi. A Najeriya kuwa, Dokar Makamai ta 1959 ta hana ɗaiɗaikun mutane ƙera harsashi ko haɗa shi, hukuncinta ɗauri ne. Aikin na masana'antu ne irin DICON da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964. Saboda haka abin da ke gaban mai karatu a nan labarin injin ne da yadda ya yi tsawon rai, ba na abin da ake zubawa cikin kwanso ba.

Ramin da kowa ya yarda da shi

A ƙarshen ƙarni na 19, kayan ɗuri na hannu ne, masu kama da filaya. Kamfanin Ideal, wanda John Barlow ya kafa a 1884, shi ne ya yi fice a wannan fanni, daga baya kamfanin Lyman na jihar Connecticut ya saye harkar a 1925. Na'urar teburi irin wadda aka sani yau ta yaɗu ne ta hannun kamfanin Pacific na California, wanda ya fito da mai siffar harafin C. Abu mafi muhimmanci da Pacific ya bari ba siffar ba ce, girman ramin sama ne: faɗinsa 7/8 na inci, kusan milimita 22 ke nan, da zagayen tiredi 14 a kowane inci.

Babu hukumar da ta tilasta wa kowa wannan awo. Masu ƙira ne suka lura cewa mutumin da ya tara mazubai goma ba zai sayi na'urar da ba ta karɓarsu ba, sai ɗaya bayan ɗaya suka bi layi. Yau mazubin RCBS yana shiga na'urar Lyman, na Lee yana shiga ta Redding, na Hornady da aka ƙera wannan watan yana shiga ta Pacific da ta girmi mai ita. Duk wanda ya tuna lokacin da Nokia ke da siririn cajarta, Sony Ericsson ke da nata mai faɗi, Samsung ke canza nasa kusan kowace waya, ya san darajar wannan. Masu waya sai da Tarayyar Turai ta kafa doka, wadda ta fara aiki a Disambar 2024, kafin USB-C ya zama dole, Apple ma sai a iPhone 15 ya sallama a 2023. Masu na'urar ɗuri sun gama wannan rigimar tun kakanninsu.

Wanda ya ƙara ɗaure abin shi ne Fred Huntington. A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, harsashin farauta ya yi ƙaranci domin masana'antu sun koma yi wa soja aiki. Huntington ya fara ƙera mazubai a ɗakin baya na shagon wanki da guga na mahaifinsa a garin Oroville na California. Sunan kamfaninsa, RCBS, ya samo asali ne daga wata dabba mai kama da gafiya da ke zama cikin duwatsu, wadda yake farauta. A 1967 kamfanin ya fito da Rock Chucker, koriyar na'urar da ta zama abin da ake auna sauran da ita.

Abu biyu ne suka ɗaga ta. Na farko, jikinta rufaffe ne kamar harafin O. Mai siffar C tana da buɗaɗɗen gaba, hannu na shiga cikin sauƙi, amma idan matsi ya yi yawa bakin yakan ɗan buɗe, ko da ido ba zai gani ba. Mai siffar O ba ta da wannan raunin. Na biyu shi ne yadda aka haɗa hannu da sanda. Maimakon ƙarfe ɗaya, an yi mata mahaɗai masu gaɓa kamar gwiwa. A farkon ja, sandar tana hawa da sauri ba tare da wani ƙarfi ba. Yayin da ta kusa ƙurewa a sama, mahaɗan suna miƙewa, sai hannu ya yi tafiya mai yawa sandar kuma ta motsa kaɗan, ƙarfin ya ninka daidai wurin da ake buƙatarsa. Ɗan dako ya san wannan a jikinsa: tashi da buhu daga tsugune shi ne wahala, da gwiwa ta kusa miƙewa nauyin ya zama wasa.

Yadda ake sanin mai daraja da mara daraja

A nan ne masu saye da yawa ke yin asara, domin suna ɗauka tsufa shi ne daraja. Tambayar farko da gwani ke yi ita ce: tana karɓar kayan yau?

A ɗauki misalin Lyman Tru-Line Junior. Ƙaramar na'ura ce mai kyan gani, amma raminta ƙarami ne, mazuban da take karɓa irin na kayan hannu ne da ake kira 310. Akwai zoben da ke sa ƙaramin mazubi ya zauna a babban rami, amma babu dabarar da za ta sa babba ya shiga ƙarami. Wanda ya saye ta ba tare da mazubanta ba, ya sayi kayan ado ne.

Sai batun marikin kwanso, wato ɗan ƙarfen da ke saman sanda yana riƙe gindin kwanso. A tsofaffin na'urorin Pacific, marikin da sandar abu ɗaya ne, duk wanda zai canza nau'in harsashi sai ya cire sandar gaba ɗaya ya sa wata. Daga baya aka koma mariki mai zarewa, aka kuma daidaita girmansa tsakanin yawancin kamfanoni. Kamfanin Herter's na garin Waseca a Minnesota, wanda ya shahara da sayar da kaya ta gidan waya, ya ƙera na'urori masu nauyin gaske waɗanda ba sa jin duka, amma ya yi musu mariki irin nasa shi kaɗai. Da kamfanin ya rushe, masu na'urorin suka zama marayu. Ana samun abin haɗi da ke ba su damar karɓar mariki na gama-gari, sai dai kuɗinsa da na aikowa na iya cinye sauƙin da aka samu a ciniki. Wannan shi ne ainihin darasin Herter's: ƙarfen bai mutu ba, abin da ke shiga cikinsa ne ya ƙare a kasuwa.

Wasu daga cikin na farko-farko ma sama ake ɗaga hannunsu lokacin matsi maimakon a danna ƙasa. Idan teburin ba a kafe yake ba, shi ma sai ya tashi.

A ɗaya ɓangaren akwai waɗanda kuɗinsu ke hawa. Na'urorin Hollywood da na Star, wadda aka riƙa ƙerawa a San Diego tun shekarun 1930, masu tara kayan tarihi suna biyansu da tsoka. Co-Ax, wadda kamfanin Bonanza ya fara kuma Forster na jihar Illinois ke ci gaba da ita, tana riƙe farashi saboda masu harbin gasa sun yarda da daidaitonta. Ita kuwa tsohuwar Rock Chucker, darajarta ta aiki ce. Ramin samanta zobe ne da ake iya kwancewa, ƙarƙashinsa akwai rami mafi faɗi, inci ɗaya da kwata. Hornady na sayar da wani zobe da ke zama a wannan gurbi, wanda ke sa a canza mazubi da 'yar murɗa ɗaya maimakon a yi ta juyawa. Na'urar da aka ƙera kafin a haifi mai ita ta samu sabuwar fasaha ba tare da an taɓa jikinta ba.

Garanti ma yana cikin lissafi. Dillon na jihar Arizona, mai shuɗin fenti, ya yi suna da cewa garantin na'urorinsa na masu sha'awa yana bin na'urar ne ba rasit ba, ko da hannu na uku ce. RCBS ma an san shi da aika ƙananan kayan gyara kyauta idan aka kira. Wannan ya sa na hannu daga waɗannan kamfanoni ba sa faɗuwa sosai a kasuwa. Lee na Wisconsin, wanda Richard Lee ya fara da ɗan ƙaramin kayan ɗuri a 1958, hanyarsa daban ce: sababbin nasa suna da araha har ta kai tsofaffin ba su da wani kuɗin kirki, duk da suna aiki.

Farashin kuma yana bin siyasa. A 2013, sannan a 2020 zuwa 2021, harsashi ya yi wuyar samu a shagunan Amurka saboda rububin saye, mutane da yawa suka juya ga ɗuri, har tsofaffin na'urorin da ke kwance suka yi kasuwa. Abu ɗaya da ba ya canzawa shi ne nauyi. Rock Chucker ta yanzu ta kusa kilo 9, don haka kuɗin aikowa daga wata jiha na iya sa ta hannu ta kai farashin sabuwa. Masu wayo sun fi saye a kasuwar baje-kolin makamai ko wurin gwanjon kayan mamaci, inda za su ɗauka da hannunsu.

Wa ke amfani da su yau? Akwai na'urori masu tashoshi da yawa da ke fitar da ɗaruruwa a awa ɗaya, amma ko masu irin waɗannan sukan ajiye tsohuwa mai tasha ɗaya a gefe. Ita ake ba aikin datti, da ita ake koya wa sabon shiga domin yana ganin kowane mataki da idonsa, ita kuma masu harbin nesa suka fi so tunda su ba sauri suke nema ba.

Duba lafiyarta, sannan gyara

Tsatsa ita ce ke fara tsorata mai saye, alhali ita ce mafi sauƙin matsala. Abin tsoro shi ne tsagewa. Ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi, kuma waldarsa tana da wuya, ko an yi ta ba lallai ne rami da sanda su sake fuskantar juna daidai ba. Ana dubawa da tocila a kusurwoyin jiki, da wajen ramukan bolti, da inda mahaɗai ke zama. Sabon fenti a wuri ɗaya kawai abin tuhuma ne, kamar yadda mai sayen waya ta hannu ke zargin sabon sikirin a kan tsohon jiki.

Gwaji na biyu na sanda ne. A ɗaga ta sama har ƙarshe, a kama ta a girgiza gefe da gefe. 'Yar rawa kaɗan ba komai ba ce, wasu ma suna ganin tana barin kwanso ya nemo tsakiyar mazubi da kansa. Amma idan tana kaɗawa har ana jin ƙara, ramin da take bi ya cinye. Na uku, a murɗa mazubi a ramin sama da yatsu kawai. Idan ya shiga lami lafiya har ƙasa, tiredin yana nan. Idan ya cije a rabi, wani ya taɓa tilasta masa a karkace.

Abin da ke cinye sanda ba yawan aiki ba ne, toka ce. Duk lokacin da aka fitar da tsohon ƙyastu, baƙin gari yana zubowa a kan sandar, ya haɗu da mai ya zama kamar samfefa. Shekara talatin na wannan ba tare da gogewa ba ita ke kawo rawar. Garin kuma yana ɗauke da darma, mai illa ga ƙwaƙwalwa musamman ta yara, don haka masu gyara suna sa safar hannu, suna gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, ba sa hura shi da iska.

Gyaran kansa aikin yini ɗaya ne. Ana ɗaukar hoton na'urar ta kowane gefe da waya kafin a kwance, domin mahaɗan suna da dama da hagu kuma mantuwa ba ta da wuya. A cire 'yan makullan da ke riƙe finafinan ƙarfe, a zare sanda, a jiƙa komai a kananzir. Tsatsa mara zurfi tana fita da lallausan soson ƙarfe da mai. Mai zurfi akan tsoma ta a ruwan cire tsatsa irin Evapo-Rust, wasu kuma suna amfani da bokitin ruwa da sodar wanki da cajar batirin mota, lantarki ya ɓamɓare tsatsar ba tare da ya ci lafiyayyen ƙarfe ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a bi sanda da kakkauran samfefa don ta yi ƙyalli. Za ta yi ƙyallin, amma an rage mata kauri, rawar da ba ta da ita a da yanzu ta samu. Tabon tsatsa da ya rage a jikinta bayan an goge ba ya hana ta aiki. Bayan haka sai ɗan mai mara kauri a sanda, giris a mahaɗai.

Fenti zaɓi ne. Wadda za a yi aiki da ita ana iya fesa mata sabo. Wadda masu tara tarihi ke nema, sabon fenti rage mata kuɗi yake yi.

Akwai wani abu da ke zuwa tare da irin wannan gado wanda ba a gyara shi: gwangwanayen albarushi marasa suna, da harsasan da mamacin ya ɗura. Babu hanyar sanin abin da ke ciki ta hanyar kallo, kuma kuskure a nan yana fasa bindiga a fuskar mai harbi. Ƙa'idar da maharba suka yarda da ita ita ce ba a harba abin da wani ya ɗura ba a sani ba, ana miƙa shi ga masu zubar da kaya masu haɗari.

Sauran matsalar ita ce ɓatattun sassa. Idan kamfanin yana raye, kira ɗaya ya isa. Pacific ya koma hannun Hornady a 1971, RCBS kuma kamfanin Hodgdon ya saye shi a 2024 yana ci gaba da aiki. Idan kamfanin ya mutu, fin ko sandar da ta lalace duk mai injin fiƙe ƙarfe zai iya auna tsohuwar ya yanko sabuwa, domin babu wata lambar sirri da za ta ƙi amincewa da ita. A waya abin ba haka yake ba: akwai samfuran da ko batiri na asali aka ciro daga irinsu aka sa, sai sun nuna gargaɗi saboda an ɗaure lambar batirin da ta wayar, al'adar da jihar Oregon ta yi dokar hanawa a 2024.

Sashen da ya fi ɓata a tsofaffin Rock Chucker shi ne ɗan tiren da ke tare tsofaffin ƙyastu idan sun faɗo, wanda dama tun asali ba ya tare su duka, rabi a ƙasa suke warwatsewa. Yanzu matasa masu firintar 3D sun zana nasu a kwamfuta, da bututun roba da ke kai sharar kai tsaye cikin kwalba, sun ɗora zanen a shafuka irin Thingiverse kowa ya sauke kyauta. Roba ce da aka buga cikin awa biyu ko uku, tana maƙale a jikin ƙarfen da aka zuba tun kafin a ƙirƙiro intanet.